Tun da ƙanina ya rasu nake shakka: har yanzu ni Kirista ne?

Baba, barka da aiki. Ni saurayi ne ɗan shekara 27. A gidan Kirista aka haife ni, an yi mini baftisma ina da shekara 16, kuma shekara huɗu ke nan ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Bara ƙanina ya rasu da ciwon sikila yana da shekara 19. Mun yi azumin kwana uku, 'yan Zumuntar Mata sun kwana a gidanmu suna addu'a, an karanta mana ayoyin warkarwa, amma ya tafi. Tun daga ranar, in na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana. Ana cikin haka wani abokin aikina Musulmi, mutumin kirki ne ƙwarai, ya nuna mini a Littafi Mai Tsarki na Turanci inda aka rubuta cewa ayoyin ƙarshe na Markus ba sa cikin tsofaffin rubuce-rubuce. Na rasa abin da zan ce masa. Da na kai maganar wurin shugaban matasanmu, sai ya buɗe mini Yakubu sura 1, ya ce mai shakka kada ya sa rai zai sami komai daga wurin Ubangiji, kuma Shaiɗan ne yake farautar raina. Wata uku ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba. Mahaifiyata ba ta sani ba. Baba, mai irin wannan zuciya Kirista ne? Ko munafunci nake yi in na tsaya gaban yara?

Wani matashi daga Kudancin Kaduna

Ɗana,

Kafin komai, ina yi maka gaisuwar ƙaninka. Allah ya ta'azantar da kai da mahaifiyarka da gidan baki ɗaya. Shekara 19 ba shekarun da ake sa ran binne mutum ba ne, kuma wanda ya taɓa zama kusa da mai sikila da tsakar dare, lokacin da ciwon ya kama ƙashi, ya san abin da idanunka suka gani.

Ba zan ja maka rai ba. I, kai Kirista ne. Wanda ya bar Almasihu ba ya kwana yana juyi a kan tabarma saboda ya yi wata uku bai ci Jibin Ubangiji ba. Wannan ciwon da kake ji alama ce ta abu mai rai. Amma na san amsa ta kalma ɗaya ba za ta ishe ka ba, don an riga an buɗe maka aya an nuna maka akasin haka, saboda haka bari mu koma ga Littafin da kansa.

Mu fara da ayar da ta tsorata ka. Shugaban matasanku bai ƙirƙire ta ba, tana nan a Yakubu 1:6-8, kuma ba ni da ikon goge ta. Sai dai ya fara karatu daga tsakiya. Aya ta 5 ta ce duk wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, wanda yake ba kowa hannu sake, ba tare da gori ba. Ka lura da wannan kalmar, gori. Tun kafin a ambaci mai shakka an riga an gaya mana cewa Allah ba ya yi wa mai tambaya gori. Sannan a aya ta 8 Yakubu ya bayyana irin mutumin da yake nufi: mai zuciya biyu. Ya sake kiran wannan sunan a sura 4, kuma a can ya fito fili cewa da masu son su ƙulla abota da duniya su kuma riƙe Allah a gefe yake. Mutum ne da ya raba ƙafa, yana roƙo a majami'a da safe, da yamma yana da wata madogara da ya fi amincewa da ita. Kai ba ka da wata madogara. Zuciya ɗaya gare ka, kuma ita ce ta karye.

Akwai abin da ya kamata shugaban matasanku ya haɗa da wannan. Wasiƙar Yahuza, mai sura ɗaya tak, ta ce a aya ta 22 a ji tausayin masu shakka, kuma a Helenanci kalmar da aka yi amfani da ita iri ɗaya ce da ta Yakubu. Bisa ga abin da ikilisiya ta riƙe tun da, waɗannan marubutan biyu 'yan'uwan Yesu ne na gida ɗaya. Yohanna 7:5 kuwa ya faɗa ƙarara cewa a lokacin hidimarsa ko 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Wato mutumin da ya rubuta ayar da aka tsorata ka da ita ya yi shekaru yana ci a akushi ɗaya da Yesu bai ba da gaskiya ba, sai da Yesu ya bayyana gare shi bayan tashinsa daga matattu, kamar yadda Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 15:7. Kada ka riƙe shugaban matasan nan naku a zuciya. Na tabbata tsoro ne ya sa ya yi maka magana haka, tsoron kada ya rasa ka, da tsoron tambayar da shi ma ba shi da amsarta.

Yanzu ga maganar ƙaninka, domin ina ganin nan ne tushen abin. Da a ce abokin aikinka ya nuna maka wannan rubutu shekara uku da suka wuce, da ka ce masa za ka bincika, ka ci abincinka ka yi barci. Ya same ka ne da rauni a buɗe. Ruwa ba ya tsami banza.

Ban san abin da ya sa Allah bai bar maka ƙaninka ba. Shekaruna sun yi nisa, na karanta Littafin nan sau da yawa, ban kuwa sami wannan amsar ba, kuma ka yi hankali da duk wanda ya ce ya same ta. Abin da na sani shi ne, ƙarancin bangaskiyarka ko ta mahaifiyarka ba shi ya kashe shi ba. Sikila ciwo ne na gado a cikin jini. In uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon, kuma wannan bai bar gidan fasto ba, bai bar gidan liman ba. Koyarwar da ta yaɗu a cikinmu, cewa in bangaskiyarka ta cika dole a warke, ta jefa mutane da yawa cikin irin ramin da kake ciki, don idan mara lafiya ya mutu sai a bar masu makoki da laifi biyu a wuya: ko Allah ya yi ƙarya, ko su ne suka gaza. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Dawuda ya yi azumi ya kwana a ƙasa saboda ɗansa, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Shi wannan Bulus da aka warkar da mutane ta hannunsa, ya rubuta wa Timoti cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a kuwa ɗauke ba.

Ka karanta Yohanna sura 11 a hankali, domin labarin gidanku ne. 'Yan'uwa mata biyu sun aika wa Yesu cewa ɗan'uwansu ba shi da lafiya. Ya yi jinkiri har aka binne shi. Da ya iso, Marta ta tare shi a hanya ta ce masa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Maryamu ta zo ta faɗi a gabansa ta maimaita wannan maganar. Ƙorafi ne, ido da ido. Bai ce musu Shaiɗan ne yake magana a bakinsu ba. Ya tambaya inda aka sa shi, sannan ya yi hawaye. Za ka ce mini ai su an tayar musu da Li'azaru, kai kuwa naka yana kabari, kuma gaskiyarka. Kai da ni muna tsaye ne a cikin waɗancan kwanaki huɗu, tsakanin jana'iza da isowarsa. Amma abin da Marta ta faɗa masa, kai ma kana da izinin faɗa masa.

Bari in ba ka labarin kaina. Ina ɗan saurayin mai bishara a wani ƙauye, ƙyanda ta shigo da bazara ta ɗauke mana 'yarmu ta fari, ba ta cika shekara biyu ba. Ranar Lahadi na hau mumbari na yi wa'azi, don babu wanda zai yi, amma cikina fayau yake. Wata da watanni ina haka, ban gaya wa kowa ba, har matata. Akwai wani dattijon ikilisiya, manomi ne, bai iya karatu ba. Kullum bayan faɗuwar rana sai ya zo ya zauna a bakin tabarmata, ya ajiye sandarsa, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Ba ya tambayata komai. Wata rana ya ce, "Malam, akwai wata waƙar Zabura da wani mai wa'azi ya taɓa karanta mana, wadda mutumin ya yi ta kira ba a amsa ba. Nemo mini ita." Na kunna fitilar ƙwai na yi ta buɗe-buɗe har na kai Zabura 88. Na karanta masa tun daga fari har ƙarshe, inda mai waƙar ya ce an raba shi da masoyi da aboki, duhu ne kaɗai ya rage masa. Na tsaya ina jiran juyin da aka saba gani a Zabura, inda kuka yake komawa yabo. Babu shi. A nan waƙar ta ƙare. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To, ka ga wannan ma Allah ya bari a rubuta." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Daga baya na ji cewa shi ya binne 'ya'ya huɗu.

Na daɗe ina tunanin maganar tsohon nan, kuma ita ce amsata ga masu cewa shakka raina ikon Littafi Mai Tsarki ne. In mun gaskata cewa kowane Nassi hurarre ne daga Allah, kamar yadda 2 Timoti 3:16 ta ce, to Zabura 88 ma hurarriya ce. Haka Zabura 13 mai tambayar har yaushe Allah zai manta da shi. Haka Habakuk da ya buɗe littafinsa da tuhumar cewa yana kuka saboda zalunci Allah bai cece shi ba. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Ayuba ya yi ta jayayya da Allah sura bayan sura, abokansa uku suna kare Allah da kalmomi masu daɗin ji, amma a Ayuba 42:7 Allah ya ce da abokan yake fushi, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Wanda ya hana ka kuka da tambaya da sunan girmama Littafin, ya tsallake babban sashe na Littafin da yake girmamawa.

Akwai mutum ɗaya da nake so ka zauna da labarinsa, Yohanna Mai Baftisma. Shi ne ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun ya ce ga Ɗan Rago na Allah. Shi ya yi masa baftisma. Amma da Hirudus ya jefa shi kurkuku, kwanaki suka yi ta wucewa, sai ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a jira wani. Yana nan a Matiyu 11. Yesu ya ce su koma su gaya masa abin da suka ji suka gani: makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara. Kalmomin daga annabcin Ishaya suke, kuma a Ishaya 61 akwai maganar sakin ɗaurarru, amma Yesu bai sa ta cikin saƙon ba. Yohanna bai fita daga kurkukun nan da rai ba. Duk da haka, manzannin suna juya baya Yesu ya ce wa taro a cikin waɗanda mata suka haifa ba a taɓa yin wanda ya fi Yohanna girma ba. Ya faɗi haka ne a ranar da mutumin ya yi shakka.

Toma kuwa kowa ya san shi, har yaranka na makarantar Lahadi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kwana takwas ɗin da ke tsakanin bayyanar Yesu ga almajirai bayan tashinsa, lokacin da Toma ba ya nan, da dawowarsa. Almajirai goma suna cewa sun ga Ubangiji, shi yana cewa gani ya kori ji, sai ya sa yatsa a gurbin ƙusoshin. Mako guda cur suna wannan saɓani, amma da Yesu ya sake zuwa, a ɗaki ɗaya ya same su. Ba su kore shi ba, shi ma bai kwashe kayansa ba. Kuma a ƙarshen Matiyu, a kan dutse a Galili, an rubuta cewa almajiran sun yi masa sujada amma waɗansu suka yi shakka, kuma ga waɗannan mutanen ne, masu sujada da masu shakka a haɗe, ya danƙa aikin almajirtar da dukan al'ummai. Bai tsaya ya tace su ba.

Sai maganar Markus 16. Abin da abokin aikinka ya nuna maka gaskiya ne, kada ka musa masa. Ayoyi 9 zuwa 20 ba sa cikin manyan kundaye biyu mafi tsufa da suke ɗauke da ƙarshen Markus a Helenanci, duka na ƙarni na 4: ɗaya da aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i, wanda mafi yawansa yake ɗakin karatu na Birtaniya a Landan yanzu, ɗaya kuma yana ɗakin karatu na Batikan. Wannan ba sabon gano ba ne. Tun a ƙarni na 4 Yusibiyas, bishop na Kaisariya, sannan a farkon ƙarni na 5 Jerom, wanda ya fassara Littafin zuwa Latin, sun rubuta cewa yawancin kwafen Helenanci da suka sani a aya ta 8 suke tsayawa. A ɗaya gefen, Ireniyas, wani bishop na farkon ikilisiya, wajen shekara ta 180, ya kawo aya ta 19 a matsayin maganar Markus, wato ayoyin tsofaffi ne ƙwarai, kuma suna cikin mafi yawan kwafen da suka zo daga baya. Masana da yawa suna ganin wani hannu ne ya ƙara su tun da wuri. Akwai wani wuri mai kama da wannan, labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11. Gara ka ji daga bakina.

To, wa ya rubuta wannan bayanin a gindin shafi? Kiristoci ne, masu fassarar Littafin da kansu. Akwai rubuce-rubucen Sabon Alkawari na hannu a Helenanci fiye da 5,000, ban da na Latin da Suriyanci da Kibɗanci da Habashanci, an kwafe su a ƙasashe dabam-dabam, babu wani sarki ko bishop da ya taɓa riƙe su duka a hannunsa. Saboda yawansu ne ake iya jera su a gane inda mai kwafi ya tsallake layi ko ya ƙara bayani. Mai son ɓoye abu ba ya buga shi a gindin shafi ya sayar a kasuwa. Kuma ka duba abin da ya rage in ka rufe ayoyin nan goma sha biyu da hannunka: a aya ta 6 an riga an gaya wa matan cewa ya tashi, ba ya nan. Bayyanarsa ga Maryamu Magadaliya, da mutum biyu a hanya, da aiken almajirai, duk suna cikin Matiyu da Luka da Yohanna.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya taɓa rubuta wa Jerom cewa in ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai a Nassi, yakan ɗauka ɗaya ne cikin uku: ko kwafin da ke hannunsa yana da kuskure, ko mai fassara bai kama ma'anar ba, ko kuwa shi ne bai fahimta ba. Mutumin da ya ɗaukaka Littafin matuƙa ke nan, kuma bai ji kunyar cewa masu kwafi da masu fassara 'yan adam ne ba. Mu ma mun san haka a harshenmu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka sake yin wata fassarar bayan kusan shekara hamsin, shi ya sa wani yake cewa Yohanna wani Yahaya. Kakanninka sun sami ceto da tsohuwar fassarar, kai ka girma da wata. Ikon Littafin yana ga Allah da yake magana ta cikinsa, da Almasihun da yake nuna mana.

Ka koma wurin abokin aikinka ka gode masa, ka gaya masa abin da ka gano, ba da faɗa ba. Ya yi maka tambaya ta gaskiya, ya cancanci amsa ta gaskiya, kuma inda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Ni ina roƙon shugabannin ikilisiyoyinmu su riƙa koya wa matasa waɗannan abubuwa a ajin baftisma. Abin takaici ne yaro ya yi shekara ashirin a majami'a sannan ya fara jin labarin Markus 16 a wurin aiki.

Wata shawara kuma: ka bambanta tambayoyinka, don ba duka nauyinsu ɗaya ba. Mala'iku nawa aka gani a kabarin, ɗaya kamar yadda Matiyu ya ambata ko biyu kamar Luka, tambaya ce da za ka iya ɗauka shekaru kana nazari ba tare da gidan ya rushe ba. Ginshiƙin ɗaya ne, kuma Bulus ya nuna shi da kansa a 1 Korintiyawa 15: in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce. Ya rubuta wannan wasiƙar wajen shekara 25 kacal bayan gicciye, ya lissafa waɗanda suka gan shi, har da mutum fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai. A nan za ka zuba ƙarfin bincikenka. Luka ya ce shi ma sai da ya bi diddigin komai tun daga farko kafin ya rubuta, kuma an yabi mutanen Biriya saboda kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Matambayi ba ya ɓata.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, don in na ɓoye na cuce ka. Akwai rashin bangaskiya na taurin zuciya, wanda Ibraniyawa 3 ta yi gargaɗi a kai. Na ga mutanen da tambaya ta zame musu mayafi: sun riga sun yanke shawarar abin da suke so su yi da rayuwarsu, sai suke tara tambayoyi don kada a tsayar da su, kuma ko ka amsa goma za su kawo goma sha ɗaya ba tare da sun saurari ko ɗaya ba. Na kuma ga waɗanda suka yi shakka da zuciya ɗaya suka tafi ba su dawo ba, har yau ina yi musu addu'a. Saboda haka shakka ba abin wasa ba ce, ba kuma abin ado ba. Ka riƙa tambayar kanka: in aka ba ni amsa, ina so in ji? A wasiƙarka na ga mutumin da yake so. Abin da ya fi ba ni tsoro a kanka shi ne kaɗaici, domin shakkar da aka kulle a ɗaki ita ce take ruɓa.

Game da Jibin Ubangiji, shawarata ka koma. Gargaɗin 1 Korintiyawa 11 a kan ci da rashin cancanta an yi shi ne ga masu hali da suke cika cikinsu har su bugu, 'yan'uwansu matalauta suna zaune da yunwa. Ba a kafa teburin don waɗanda suka gama warkewa ba. Mutum biyun da suka kama hanyar Imuwasu sun riga sun fid da rai, suna cewa dā sun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila, kuma a wurin gutsuttsura gurasa ne idanunsu suka buɗe. In za ka iya faɗar abin da wani uba da ya kawo wa Yesu ɗansa mara lafiya ya faɗa a Markus 9:24, cewa ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, to miƙa hannunka. Amma kafin nan ka je wurin fastonku ko wani dattijo da ka san ya taɓa binne nasa, ka gaya masa duk abin da ka gaya mini. Zaɓi mai sauraro, ba lallai mai yawan ayoyi ba.

Makarantar Lahadi kuwa, munafuki shi ne wanda yake nuna abin da ya san ba ya so, don a yabe shi. Kai kana koyar da abin da kake riƙe da shi da hannu mai rawa. In kana iya ba yara labarin Yesu da gaskiya, ci gaba, sai dai kada ka sauke musu kayan da suka fi ƙarfin wuyansu, kada kuma ka yi musu alkawarin da Allah bai yi ba. Ran da wani yaro ya tambaye ka me ya sa kakarsa ta mutu bayan sun yi addu'a, kai ne za ka fi kowa iya amsa masa ba tare da ƙarya ba. In kuwa ka ga tsayuwar tana cin ranka, nemi hutun wata biyu ko uku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Addu'a kuma, tunda taka ta ƙafe, ari ta wasu. Kowane dare ka karanta Zabura ɗaya da murya, ko ba ka ji komai ba: 13, 22, 42, 73, 77, 88. Ta 22 ita ce Yesu ya ɗauka a bakinsa a kan gicciye sa'ad da ya tambayi Allah don me ya yashe shi. Uwa Teresa ta Kalkata, wadda ta rasu a 1997, sai bayan mutuwarta, da aka buga wasiƙunta a 2007, duniya ta san cewa ta yi kusan shekara hamsin tana jin Allah ya yi mata shiru, tana kuwa tashi kullum da asuba ta yi addu'a ta fita wurin marasa lafiya. Ba na yi maka fatan irin wannan tsawon. Nawa ya ɗauki kamar shekara biyu, kuma bai yaye a rana ɗaya ba, a hankali ya yi ta sassautawa har wata safiya na ji ina rera waƙa a gona ban san lokacin da na fara ba. Amma in ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ko tunanin mutuwa yana yawan zuwa maka, je ka ga likita ba tare da jinkiri ba. Baƙin ciki yana iya zama ciwo a jiki, kuma shan magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Saura mahaifiyarka. Na gane dalilin da ya sa ka ɓoye mata, ba ka so ka ƙara mata nauyi. Ba sai ka kai mata maganar kundayen Helenanci ba. Amma wata rana da dare, in an gama cin tuwo an watse, zauna kusa da ita ka ce, "Mama, tun da yaron nan ya tafi addu'a take yi mini wuya." Daga nan ka yi shiru ka saurare ta. Ita ta ɗauki cikinsa wata tara, ita ta yi shekara 19 tana gasa masa jiki da ruwan ɗumi, kuma ina kyautata zaton akwai abin da ita ma take ɓoye maka don kada ta ƙara maka nauyi.

Ka gaishe mini da ita. In ka je teburin Ubangiji, ko in ka kasa zuwa, ka sake rubuto mini in ji yadda ake ciki.